Yaƙin Hitila da tarin kakana

Daren jiya a teburin mai shayi a Agege, gardama ta kaure tsakanin samari kan yaƙe-yaƙen da suke kallo a waya, kowa da bidiyon da yake rantsuwa da shi. Wani yaro ya juyo ya ce, "Baba, mu dai Allah ya taimake mu, yaƙin duniya bai zo Najeriya ba." Na ajiye kofi na ce, "Ɗana, ya zo. Har cikin rumbu ya shiga."

Kakana bai taɓa riƙe bindiga ba. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai ido ya dawo kan Jos. Aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, kowane gari ya kawo kasonsa na majiya ƙarfi. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Kafin a soke shi a 1944, an kwashi kimanin mutum 100,000, kakana ma yana ciki. Mutumin da ya tashi a zafin ƙasar Katsina aka kai shi sanyin tsaunin Filato, yana wuni cikin ruwa yana wankin kuza. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Abin da ke ɗaure min kai har yau: in tarin ya turnuƙe shi, Hitila yake tsinewa. Ban taɓa jin ya ambaci Baturen da ya sa aka ɗebe shi ba. To, wannan shi ne aikin farfaganda idan ta nuna. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ke fitowa daga Zariya, mai boko ɗaya ya karanta wa majalisa guda. Motar majigi na tsayawa a ƙofar fada. A nan Legas kuma ga akwatunan rediyo da ake jona wa waya. Aka yi ta nanata cewa Hitila ya kwatanta baƙar fata da biri, kuma wallahi ya rubuta hakan. Shi ya sa nake jayayya da masu cewa farfaganda ƙarya ce kawai. Wadda ta ƙware gaskiya take tsinta, ta ɗora maka ita a hanci har ka daina ganin mai zare maka aljihu. Talaka ya sa kwabonsa a asusun cin yaƙi, aka sayi jiragen Spitfire, har runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan Najeriya. Gyaɗarsa kuwa hukuma ce ke yanka mata farashi, ita ce mai saye.

A Fabrairun 1943 Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ya tara zaɓaɓɓun mutane a Balin ya tambaye su ko suna son yaƙin da zai ci kowa da komai, suka yi ihu. Wasan kwaikwayo ne, amma aƙalla an yi tambayar. Kakana ko wannan bai samu ba.

A ganina, waɗanda suka fi saurin gano dawan garin su ne matan kasuwar Legas. Daga 1941 Kyaftin Pullen, wani jami'in Turawan mulki, ya fara ƙayyade farashin abinci, garin rogo ya ɓace, aka koma bin layi. Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi wadda ba ta yi boko ba, ta ja mata suka yi tsayin daka. Ni da ke sauke tattasai a kasuwar Mile 12 na san abin da suka ji: ka biya kuɗin mota da ɗan dako, wani daga ofis ya ce ga yadda za ka sayar. A Yunin 1945 kuma ma'aikata ƙarƙashin su Michael Imoudu suka ajiye aiki kwana 44 saboda tsadar rayuwa, alhali 'yan uwanmu na runduna ta 81 da ta 82 da aka kai yaƙin Bama, can a Asiya, ba su ma dawo gida ba.

'Yancin da aka ce don shi ake yaƙin fa? An rattaba shi a Yarjejeniyar Atilantika ta Ingila da Amurka a 1941, ba a jima ba Churchill, firaministan Ingila, ya shaida wa majalisarsu cewa maganar ba ta shafi ƙasashen da suke mulka ba.

Yaron ya ce, "Allah ya jiƙan kaka," ya mayar da ido kan wayarsa. Na miƙa kuɗi, mai shayi ya ƙirga ya ce, "Alhaji, da cikon ɗari biyu. Burodin nan tun yaƙin Yukiren bai sauko ba."