Ku Karanta Takarda Kafin Ku Sa Hannu

'Yan'uwana matasa masu harkar waƙa, ku ba ni aron hankalinku. Gaggawar da wasunku ke yi ta neman suna tana damuna, shi ya sa zan ɗauko muku labarin Dolly Parton, mawaƙiyar Amurka da ta shahara a kiɗan kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkara.

An haife ta a 1946 a tsaunukan jihar Tennessee, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, a gida mai ɗaki ɗaya. Mahaifinta manomi ne da bai iya karatu ba. Likitan da ya karɓi haihuwarta ma da buhun garin masara aka sallame shi. Tana 'yar shekara 10 ta fara waƙa a rediyo da talabijin a Knoxville, amma ba ta watsar da boko ba. Sai da ta kammala sakandare a 1964, washegari ta kama hanyar Nashville, cibiyar wannan kiɗa. Da mawaƙin kantiri Porter Wagoner ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin a 1967, 'yan kallo suka riƙa kiran sunan wadda ta gada, Norma Jean. Ta daure, ta yi shekara bakwai a nan.

Inda nake so ku tsaya ku yi tunani shi ne abin da ya biyo bayan waƙarta "I Will Always Love You", wadda ta fito a 1974. Elvis Presley da kansa ya so ya rera ta. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗi: sai ta sallama rabin haƙƙin mallakar waƙar. Yarinyar da ta tashi cikin babu, ga sarkin mawaƙa yana nema, ta ce a'a. Ta ce kuka ta kwana yi.

Ku fa? Furodusa ya miƙo muku 'yan kuɗin shan ruwa, ko ya ce zai haɗa ku da wani babba, shi ke nan kun rattaba hannu ba ku ko duba abin da aka rubuta ba. Haba! Ku nemi wanda ya san doka ya karanta muku. Idan aka ce ba lokaci, to ku fasa.

A 1992 Whitney Houston ta sake rera waƙar, ta yi mako 14 a saman jerin Billboard, wato jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kason marubuciya kuwa ya tafi wurin Dolly cikakke.