Takardar fahimtar juna ba ta tafiyar da aiki: jami'o'i da ƙungiyoyin agaji a gida da Birtaniya

A gida Najeriya, in jami'a za ta haɗa gwiwa da ƙungiyar agaji don yin bincike, shugaban jami'a da daraktan ƙungiya ne za su yi musabaha, kowa riƙe da takardar fahimtar juna mai shafi biyu, a ɗauki hoto, a watse. Nan Birtaniya ba a cika wannan bikin ba. Watanni ake shafewa lauyoyin ɓangarorin biyu na ja-in-ja kan wa zai riƙe kuɗi, wa ke da bayanai, wa zai sa suna a rahoto. Akwai gajiyarwa, amma a nan na ba su gaskiya.

Tushen rigimar shi ne kowa da lokacinsa. Ma'aikacin agaji a Maiduguri ko Anka sau da yawa kuɗin aikinsa na shekara ɗaya ne, kuma amsa yake so kafin damina, lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibiti da yara. Malamin jami'a kuwa ɗalibinsa na digirin digirgir yana da shekara uku zuwa huɗu, ga mujalla na jiransa. In ba a rubuta ranar da za a miƙa wa ma'aikatan fili sakamakon farko ba, ko da bai gama tacewa ba, to sai an rufe sansanin 'yan gudun hijira kafin takardar bincike ta fito. Shirin R2HC na ƙungiyar Elrha ta Birtaniya, mai tallafa wa binciken lafiya a wuraren agaji, wanda aka fara a 2013 da kuɗin gwamnatin Birtaniya da gidauniyar Wellcome, ba ya ba da tallafi sai cibiyar bincike da ƙungiyar agaji sun nema tare. Wannan sharaɗi kaɗai yana tilasta zama a teburi ɗaya tun daga tsara tambayar bincike.

Sai bayanai, inda takardunmu na gida suka fi yin shiru. Dole yarjejeniya ta faɗi wa zai cire sunaye da lambobin waya, a hannun wa mabuɗin lambobin sirrin da aka sa a madadin sunaye zai zauna, a wace na'ura za a ajiye, shekara nawa, da ko ɗalibi na iya sake amfani da su a wani aikin. Jerin sunayen 'yan gudun hijira da ƙauyukansu ba abin yawo a WhatsApp ba ne, rai na iya salwanta a kansa. Najeriya na da dokar kare bayanai tun 2023, saura a riƙa sa ta cikin yarjejeniyoyi.

Neman yardar waɗanda za a yi binciken a kansu ya fi duka wuya. Uwar da ke karɓar abincin tamowa ba za ta ce a'a ga wanda ke miƙa mata shi ba. Don haka mai rabon kaya daban, mai neman yarda daban, a yi bayani da Hausa ko Kanuri, a gaban shaida in dangwala yatsa za ta yi, a faɗa mata ƙarara cewa ƙin shiga ba zai taɓa rabonta ba. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma rashin yardar da ya bari ya bi allurar shan inna shekaru bayan haka. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da kwamitinta na ɗa'ar bincike tun 2001, amma izininsa ba ya maye gurbin na ƙasar da ake aikin. Biyu ake nema, kuma a sa watanninsu cikin jadawali.

Kada dai a ɗauka tsarin nan na Birtaniya ba shi da aibi. Galibi jami'ar Turai ce ke karɓar kuɗin, ta cire kason gudanarwa mai tsoka, sannan ta riƙa sakin sauran kashi-kashi bayan an kawo rasit. Jami'ar gida da ba ta da rarar da za ta fara kashewa sai ta tsaya cik, masu tattara bayanai su yi wata biyu ba alawus. Maganinsa a rubuta kuɗin somin-taɓi da kason gudanarwa na jami'ar gida tun farko. Haka jerin sunayen marubuta a takardar bincike: a yanke shi kafin a fita fili, ba bayan an gama rubutu a Landan ba.

Maraɗi ta nuna wata hanya. Cibiyar bincike ta MSF mai suna Epicentre tana zaune can dindindin da ma'aikata 'yan Nijar, kuma daga nan aka gudanar da gwajin rigakafin gudawa mai jure zafi a Madarumfa, kan jarirai sama da 3,500, sakamako ya fito a 2017.

Kwamitin jagorancin kowane aikin haɗin gwiwa kuwa ya kamata ya kasance da kujeru daidai wa daida, har da ma'aikatar lafiya, ya zauna duk wata uku, a rubuta abin da aka yanke. Kuma a ba shugaban aikin fili ikon dakatar da bincike nan take in hanya ta lalace ko annoba ta ɓarke, ba sai ya jira amsar imel daga farfesa ba.