Sauƙaƙa kasuwanci ba soke harajin kwastam ba ne

Abin yana damuna duk lokacin da na ji ana cewa sauƙaƙa hanyoyin kasuwanci tsakanin ƙasashe dabara ce ta soke harajin kwastam da buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri iyaka. Na fahimci fargabar, domin ƙasashe da dama da kuɗin kwastam suke gudanar da ayyukansu.

Sai dai yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci da Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta cimma a Bali, ƙasar Indonesiya, a Disamban 2013, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, ba ta rage wa kowace ƙasa harajinta ba. Yawan takardu da jinkiri ta sa a gaba: a wallafa ƙa'idoji a intanet, a karɓi bayanan kaya tun kafin jirgi ya iso, a yi ƙoƙarin samar da wuri guda inda ɗan kasuwa zai miƙa takardunsa sau ɗaya.

Ɗauki kwantenar 'ya'yan itace mai na'urar sanyaya kaya. Ko yau aka sake ta ko bayan mako biyu, harajin bai canza ba. Amma a mako biyun nan mai kaya na zagaya ofisoshi da takarda iri ɗaya, kuɗin ajiya da na wuta na taruwa, kayan na ruɓewa, daga ƙarshe mai saye ya biya. Shi ya sa yarjejeniyar ta ce a ba kaya masu saurin lalacewa fifiko.

Bincike kuma yana nan. Jami'ai kan mayar da hankali ne kan kayan da bayanansu ke da alamar tambaya, maimakon buɗe kowace kwantena.