'Yancin kan Amurka: abin da waƙa ta faɗa da wanda ta binne

Duk wanda ya san tarihin Amurka ta bakin mawaƙan Broadway, dandalin wasan kwaikwayo na birnin New York, kaɗai zai ɗauka ƙishirwar 'yanci ce kurum ta sa yankuna 13 suka yi wa Sarki George na Uku na Birtaniya tawaye a 1776. Alhali tushen rigimar kuɗi ne da ƙasa. Yaƙin Shekara Bakwai da ya ƙare a 1763 ya bar Birtaniya cikin bashi iya wuya, sai majalisarta ta ɗora wa mazauna Amurka harajin takardu a 1765, su kuma suka ce ba za su biya harajin majalisar da ba su da wakili a cikinta ba. A 1763 ɗin dai Sarki ya hana su ƙetara tsaunukan Appalachia su mamaye filayen 'yan asalin nahiyar, hanin da ya sosa ran masu dillancin ƙasa, ciki har da George Washington, wanda daga baya ya jagoranci rundunar 'yan tawayen.

Wasan Hamilton, wanda Lin-Manuel Miranda ya fito da shi a 2015, ya cancanci yabon da ya sha. Ɗaukar baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su fito a matsayin shugabannin farko irin su Washington da Thomas Jefferson, suna muhawarar kafa ƙasa da waƙar gambara, dabara ce da ta jawo matasa ga tarihin da suka ƙosa da shi a aji. Sai dai wasan ya fito da Alexander Hamilton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, a matsayin mai ƙyamar bauta fiye da yadda tarihi ya nuna, tunda gidan Schuyler da ya yi aure a ciki suna da bayi. Sarki George kuwa an mayar da shi ɗan barkwanci, kamar saurayin da budurwa ta juya wa baya.

A ganina tsohon wasan nan mai suna 1776, na shekarar 1969, ya fi shi gaskiya, duk da cewa ba a cika ambatonsa yanzu ba. Ya tsaya a zauren taron wakilan yankunan a birnin Philadelphia, ya nuna yadda aka soke sakin layin da Thomas Jefferson ya rubuta na la'antar cinikin bayi domin wakilan kudu su amince da takardar 'yanci. Har ya sa wakilin Carolina ta Kudu, Edward Rutledge, ya tashi da waƙa yana tunatar da 'yan arewa cewa jiragen ruwan Boston ne ke jigilar bayin daga gaɓar Afirka, don haka kada kowa ya yi masa wa'azi.

Ko shi ɗin bai kai ga gindin magana ba. A Nuwamban 1775 gwamnan Birtaniya a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan 'yan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar Sarki, kuma ɗaruruwa suka amsa kiran. Waɗannan mutane a ɓangaren Ingila suka hango nasu 'yancin, ba a sansanin Washington ba, kuma a wasannin biyu babu ko ɗayansu da aka bai wa baiti guda ya rera.