Dare ɗaya ne a shekara, ku bar mu mu shiga da 'ya'yanmu

Tun da kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya fito da wancan taragon na manyan 'yan kasuwa a watan Janairun 2026, wanda aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya shiga, na san maganar ba za ta tsaya a jirgin Paris zuwa Lyon ba. Kamfanin ya yi ta kare kansa wai 'yan kujeru ne kaɗan kuma ranakun aiki kawai, to mun ji. Ni abin da ya dame ni bakin da aka buɗe wa mutane. Da can mai ƙin yara a cikinsa yake barin abin, iyakarsa ya harare ka ya yi tsaki, yanzu kuwa ya samu gindin zama, otal ba yara, gidan abinci ba yara, har Sarah El Haïry mai kula da harkokin yara a gwamnati sai da ta tara masu otal da gidajen abinci a watan Mayun 2025 kan wannan ɗabi'a. Ga shi Mayun bana bai ma kama ba na fara cin karo da masu rubutu a Facebook suna kukan wai daren gidajen tarihi ya lalace, iyaye sun cika shi da kekunan jarirai da koke-koke, wai a bar yara a gida su yi barci. Haba jama'a.

Daren nan dai ma'aikatar al'adu ta Faransa ce ta fara shi a 2005, duk da Jamusawa sun riga su, Berlin ta fara nata tun 1997 amma can sai ka sayi tikiti. A nan wata Asabar ake zaɓa a watan Mayu, kusa da 18 ga wata ranar gidajen tarihi ta duniya, gidaje sama da 1,000 a faɗin ƙasar su buɗe ƙofa daga yamma har wajen sha biyun dare, mafi yawansu ko sisi ba ka biya. Sau ɗaya a shekara. Sauran ranakun duk na masu son shiru ne, su tsaya gaban zane minti ashirin hannu a haɓa ba mai taɓa su. Wannan ɗayan ma shi ne ya tsone musu ido.

Akwai wani abu da masu wannan magana ba sa faɗi, ko kuma ba su damu su sani ba. Yaro ɗan ƙasa da 18 kyauta yake shiga gidajen tarihin gwamnatin Faransa duk shekara, haka ma matashi har zuwa 25 in mazaunin Tarayyar Turai ne, tun 2009 ake yin haka. Kenan kyautar daren nan ba ta ƙara wa yaro komai. Uba da uwa take wa amfani, su da za su kama hannunsa su kai shi. Louvre, babban gidan tarihin Paris, Yuro 22 ne mutum ɗaya, miji da mata 44, in kuma kakar yara ta zo ziyara daga Maraɗi ita nata 32 ne tun 14 ga Janairun 2026 da aka ƙara wa waɗanda ba 'yan Turai ba kuma ba mazauna ba, ga kuɗin jirgi daga bayan gari, ga yara sai sun ce yunwa. Mutumin da yake ɗaukar albashi mafi ƙanƙanta, wajen Yuro 1,400 a wata bayan an cire na cirewa, haya ta cinye rabi, ga na aikawa gida, ka ce ya zubar da kusan ɗari a wuni ɗaya don kallon tsofaffin kaya? Ba zai yi ba, ni ma ba zan yi ba. To in ka ce kar a zo da yara daren kyauta, ka ce wa wannan mutumin kar ya zo gaba ɗaya, domin ba shi da mai raino da zai biya kuɗin awa-awa, kuma dama don yaran ya fito.

Na san amsar da za a ba ni, ai akwai Lahadin farkon wata da ake shiga gidajen tarihin Orsay da Quai Branly kyauta, ai gidajen birnin Paris irin su Carnavalet da Petit Palais tun 2001 kyauta ne, ai Louvre ma na da Juma'ar farkon wata da yamma. Duk gaskiya ne, kuma mai faɗin haka bai taɓa shiga irin wurin nan da rana da yara uku da mata mai hijabi ba.

Ni na shiga. Wuri tsit kamar ana jana'iza, takalminka na ƙara a kan katako, yaro ya yi tari mutum biyar sun waiwayo, ƙaramin ya nuna wani abu da yatsa ya ce Baba duba da ƙarfi irin na yara sai ka ji kanka kana cewa shhh kamar ka shigo gidan surukai. Ba wanda ya kore mu, ba wanda ya ce mana uffan, amma minti arba'in muka yi uwargida ta ce mu tafi, ta gaji da riƙe numfashi. Wannan kunyar ta fi kuɗin tikiti tsada, kuma ita ce take hana mutanenmu na unguwannin bayan garin Paris irin su Saint-Denis da Sarcelles da Aubervilliers zuwa, mutanen da da yawansu su ne ke share benayen nan da asuba ko su tsaya gadin ƙofarsu, amma ba su taɓa shiga a matsayin 'yan kallo ba. Daren kyauta shi ke kashe wannan kunyar. Cunkoso ne, hayaniya ce, nan ana kiɗa can 'yan makaranta na bayanin wani zane da suka yi watanni suna nazari da malaminsu, ɗalibai na zaune a ƙasa, tsofaffi na neman kujera, kowa na magana, muryar ɗanka ta ɓace cikin muryoyi dubu. Hayaniyar da suke ƙorafi a kai ita ce rufin asirinmu.

Bari in ba ku abin da ya faru da mu wata shekara. Mun tsaya layi a ƙofar wani babban gida a bakin kogi, layin ya zagaye gini, mun fi awa ɗaya, ƙaramin yana cikin keke ya fara ƙananan koke-koke, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Wata dattijuwa a gabanmu ta juyo ta dubi keken ta dubi agogonta, ba da mu take magana ba wai, da ƙawarta take, ta ce a wannan lokacin yara a gado ya kamata su kasance. Ƙarfe takwas da kwata fa. Rana tana sama tar, don a Paris tsakiyar Mayu sai wajen tara da rabi ake magariba, gobe Lahadi ba makaranta. Uwargida ta matse min hannu alamar kar in tanka, ban tanka ba, sai yau da na samu fili.

Mun bar layin muka hau metro zuwa Arts et Métiers, gidan tsofaffin injuna. A can ƙarshensa akwai tsohon coci da aka mayar ɗakin nuni, jiragen sama na rataye a sama har da wanda matuƙin jirgi Blériot ya tsallaka teku da shi zuwa Ingila a 1909, abu kamar keke da aka ɗinka wa fuka-fukan zane. A tsakiya kuma wani dunƙulen ƙarfe na lilo a jikin doguwar waya daga rufi, irin wanda masanin kimiyya Foucault ya nuna wa mutanen Paris a 1851 don su ga da idonsu duniya na juyawa. 'Yata ta fari, lokacin shekararta takwas, ta durƙusa ta kafa masa ido. Ta ce Baba wa ke tura shi yake canja hanya? Wani saurayi mai bayani ya ce mata ai shi bai canja ba, ƙasar da kike durƙushe a kai ce take juyawa a ƙarƙashinsa. Yarinyar nan ta dafa ƙasa da tafukan hannu biyu wai tana so ta ji. Minti kusan ashirin ba ta motsa ba, ƙannenta na ja mata riga, ni ina ta duba lokacin jirgin ƙarshe. A hanya ta tambaye ni in duniya na juyawa me ya sa alƙibla ba ta canjawa, na ce mata ta bari sai mun isa gida, don gaskiya sai da na yi tunani kafin na samo mata amsa.

Masu cewa yaro ba ya fahimtar komai a gidan tarihi, su zo su amsa mata wannan tambayar.

Kuma kar mutanenmu su ɗauka na wanke su. A cikinmu ma akwai masu irin wannan magana, sai dai da wata riga take zuwa. Wani ya ce min ai gidan gumaka ne da hotunan tsiraici, ina zan kai yara. To Malam wa ya ce sai nan za ka? Birnin cike yake da gidajen injuna da na dabbobi da na jiragen ruwa da na kimiyya, ka zaɓa. Wani kuma ya ce yaro da yawon dare ba tarbiyya ba ce, shi kuwa ɗansa yana kwance da waya har ƙarfe ɗaya, kuma ran biki ko daren salla yaran nan ne ke guje-guje a zauren taro har biyun dare ba mai cewa komai. Ni na taɓa kai nawa Jardin des Plantes da rana na nuna musu ƙwarangwal ɗin ƙaton kadan nan Sarcosuchus, wanda aka tono a Gadufawa cikin Tenere a jihar Agadas, dabbar da ta rayu shekara sama da miliyan 100 da suka wuce lokacin da wurin koguna ne. Ɗana na biyu da ya karanta sunan Nijar a jikin allon sai da ya yi tsalle, sati guda yana ba 'yan ajinsu labari wai kadan garinsu ne. Haka Quai Branly, kayan Afirka kusan 70,000 ne a ajiye a can, guda 26 kacal na fadar sarakunan Abomey aka mayar wa Benin a 2021 aka yi ta kiɗa da rawa. Muna zaune a shago muna zagin Faransa ta kwashe mana kaya, kayan na nan nisan tikitin jirgi ɗaya daga ɗakinmu, 'ya'yanmu ba su taɓa ganinsu ba. In za a yi rigimar a dawo da su nan gaba, wa zai yi ta, yaron da bai san kamanninsu ba?

Ban ce daren ba shi da matsala ba. Layi azaba ne, wasu gidajen yanzu sai ka yi rajista ta intanet tun da wuri, wanda hakan ma wata katanga ce ga uwar da ba ta saba ba, kafin ta ji labari gurabe sun ƙare a hannun waɗanda dama kullum suna zuwa. Kuma gaskiya ne akwai iyayen da ke sakin yara suna taɓa abin da bai kamata ba, a tsawata musu, aikin masu gadi ke nan kuma suna yi. Amma cunkoson nan ba yara suka kawo shi ba. Louvre kaɗai mutum miliyan 8.7 suka shiga a 2024, akasarinsu 'yan yawon buɗe ido daga waje, har ma'aikatansa suka ƙi buɗe ƙofa wata Litinin a watan Yunin 2025 saboda sun gaji da turmutsitsi da ƙarancin ma'aikata. Ban ji wanda ya ce a hana masu ɗaga waya sama gaban zanen Mona Lisa shiga ba, su suna kawo kuɗi. Sai ɗan talaka da ya zo sau ɗaya a shekara shi ne ya cika wuri.

In da gaske gyara ake so ai ba wuya. A ware ƙofa ɗaya ta masu keken yara, a fara da wuri kamar ƙarfe biyar don masu ƙanana su gama su kama hanya kafin jiragen bayan gari su tsaya, a bar wasu gurabe ga wanda ya zo ba rajista. A ƙara dare na biyu da kaka in ɗaya ya yi kaɗan. Gwamnati ta ce tana yaƙi da masu korar yara, an ce da kare ana biki a gidansu ya ce in gani a ƙasa.

Bana dai mun riga mun shirya. Uwargida za ta soya fanke ta zuba a leda, ruwa gora biyu, za mu yi magariba da isha in mun dawo. Maƙwabcinmu ɗan Damagaram da ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan bai taɓa leƙa ko ɗaya ba ya ce zai biyo mu da nasa huɗun. Keken ma babban zan ɗauko, mai kujera biyu.