Aya biyu kacal, amma mun kasa ɗauka

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku cikin sunan Yesu. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau zan faɗe ta. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, ni ma ba ta bar ni ba.

Lahadin da ta wuce, a majami'armu nan cikin garin Gombe, mai jagorar sujada ya buɗe mana Zabura 117. Ita ce sura mafi gajarta a cikin Littafi Mai Tsarki, aya biyu kacal, kafin ka gyara zama an gama karantawa. Ayar farko tana kiran dukan al'ummai da dukan kabilu su yabi Ubangiji. Ta biyu ta kawo dalili: ƙaunarsa a gare mu mai girma ce, amincinsa kuma har abada ne. Muka amsa da amin har kwanon rufi ya ɗauka. Ana tashi, ko kujeru ba a kwashe ba, sai ga mu a gindin dogon yaro muna ƙus-ƙus kan zaɓen shugabannin matasa. Wane namu ne, wane ba namu ba ne, bana kam sai ɗan yarenmu.

To, ina tambaya, su wa ake nufi da al'ummai a wannan zabura? Ai mu ne. Isra'ilawa ne suka fara rera ta, kuma a bakinsu al'ummai su ne na waje, waɗanda ba a haife su cikin gidan ba. Shi ya sa Manzo Bulus ya ɗauko ayar a Romawa 15:11, don ya nuna cewa tun da daɗewa Allah ya ware wa baƙi wurin zama. Tangale, Waja, Tula, Dadiya, Cham, Tera, da ɗan'uwanmu Bahaushe ko Bafulatani da ya bi Almasihu, babu wanda ya shigo da gadon kakansa. A 1917 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Kaltungo. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kansa tare da abokan aikinsa. Jiya-jiya ke nan. Wanda aka buɗe wa ƙofa jiya, yau shi ne ya tsaya a bakinta yana tambayar mutane yarensu?

Laifi tudu ne, bari in taka nawa. Akwai wata mama a Zumuntar Mata, ita ke buga musu tulu. Tana cikin waɗanda suka gudo daga wajen Gwoza a 2014. A wata sujadar godiya ta ƙarshen shekara ta nemi izini ta yi waƙa da yarensu. Muryar ta tsufa, tana rawa, ba kuma wanda ya san amshi. Mu 'yan kwaya muna zaune a gefe muna taɓa juna, ni har na sa littafin waƙa na rufe baki don kada a ga dariyata. Ta gama, ta goge ido da bakin zanenta, ta zauna. Daga baya jikarta ta fassara mini. Waƙar cewa take Allah bai tashi daga inda ya tsaya ba, ko da gari ya tashi. Matar nan ta rasa mijinta a gudun, gidanta ma toka ne. Ranar nan na kasa cin tuwon dare.

Wannan ya kawo ni kan aya ta biyu, inda muka fi rauni. Mu matasan yanzu da ma'aunin kasuwa muke auna amincin Allah. In aiki ya fito, Allah mai aminci ne, a hau Facebook da shaida. In an gama bautar ƙasa, aka shekara uku ana yawo da takardu a leda, sai ƙafa ta ɗauke daga addu'ar tsakiyar mako, sannan daga ta Lahadi. Ban raina zafin rashin aiki ba, na ɗanɗana. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yahudawa suna rera Zabura 113 zuwa 118 a Idin Ƙetarewa, Matiyu 26:30 kuma ya ce Yesu da almajiransa sun yi waƙa bayan cin jibin wannan idi, kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Masana da yawa suna ganin waɗannan zaburoyin ne suka rera. Ku duba fa, a daren da za a bashe shi, yana sane da abin da ke gabansa, bakinsa yana cewa amincin Ubangiji har abada ne.

Wani abu kuma a taƙaice: bakin da ya gayyaci dukan al'ummai da safe, bai kamata ya kwana yana zagin maƙwabcinsa Musulmi a intanet ba. Da shi muke ɗiban ruwa a famfo ɗaya.

Zaɓen namu Asabar mai zuwa ne. Ba zan ce ku zaɓi wane ba. Ku dai duba wanda ke zuwa sharar majami'a ba a kira shi ba, wanda in aka ba shi kuɗin baiko za su kwana cif. Ni kuwa na riga na je wurin mamar nan na roƙi gafara, ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai ban ma gan ku ba." Ta yarda za ta koya wa kwaya waƙar ranar Alhamis da ƙarfe huɗu. Ku zo da biro da takarda, don yaren yana da wuyar kamawa.