Zayyanar allo a fuskar waya

Na ji daɗin wani rahoto da na gani kan matasan da ke zana zayyanar allo da dagi a kwamfuta suna ɗorawa a Instagram, amma ban yarda da masu cewa baƙon abu aka shigo mana da shi ba. Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya san zayyana: in almajiri ya sauke, a ƙawata masa allo da ja da kore da rawaya, ya zaga gidajen dangi ana ba shi tukuici. Na kakana yana nan rataye a zaure, tawadar ta fara koɗewa, kullum na kalle shi sai jikina ya yi sanyi.

Ku dubi mai zane Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya karanto zane a Landan, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba sa kula aikinsa, sai ya koma kan haruffan Larabci da adon allo. A 2013 Tate Modern, babban gidan nuna zane-zane da ke Landan, ya shirya masa baje koli shi kaɗai.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa masu zane: kada a buga ayar Alƙur'ani a riga ko murfin waya da ake shiga banɗaki da su. Sannan ku je wurin tsofaffin masu zayyana na Kano da Damagaram ku koya da hannu, ku biya su, ku rubuta sunayensu ƙarƙashin hoton.